Neman shawara: mutum uku sun tafi da ciwon ƙirji a gidanmu, yanzu ana so a fasa aurena

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure ku taimaka mani, kwanan nan ko barci ba na samu. Shekaruna 34, ina da rumfar kayan masarufi a Kasuwar Dole ta Damagaram. Tun ina saurayi aka yi mani alkawarin ƴar baffana, ƙanen mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya. Na jira ta gama makaranta, na kai kuɗin gaisuwa, na biya sadaki, na gina ɗaki biyu a filin da tsoho ya bar mana, na shafe da siminti, na ja wuta. Akwatuna ma an haɗa, saura zannuwa kaɗan. Ko bara da kasuwa ta yi mani baya ban taɓa kuɗin auren ba, bashi na ci wajen abokina na cike rumfa. An sa rana bayan ƙaramar salla. Kwatsam sai ga mahaifiyar yarinyar ta ce ba ta yarda ba, wai wata ƴar'uwarta ta gaya mata ciwon da ke kashe mutanen gidanmu a jini yake, in aka haɗa jini da jini ƴaƴan ne za su kwashe shi. Baffa ya yi shiru, bai ce e ba bai ce a'a ba, ita kuma yarinyar sai kuka.

Mahaifina ya rasu bara yana da shekara 63, a Yamai aka ce sankarar huhu ce. Yayansa ya riga shi, shi ma tari ne har da jini. Gwaggona ƙanwarsu ta rasu tana da 42, an ce abin ya kama huhunta. Shin gadon wannan ciwo ake yi? Akwai gwajin jini a Yamai ko Kano da zai nuna ba ni da shi? Na ware jika 300. Takarda kawai nake so in kai wa surukata.

Manjo Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Ɗana, ka ba mu labarin akwati da siminti, ka tsallake abin da likita zai fara tambaya. A cikin mutum ukun nan wa aka yi wa biyopsi, wato aka ciro ɗan tsoka aka duba a labo? Wa ke shan taba, kara nawa a rana, shekara nawa? Wace sana'a kowa ya yi? Yayan mahaifinka an taɓa gwada kakinsa? A ƙasar nan duk wanda ya yi tari da jini ya rame, tarin fuka ne abu na farko da ake zargi har sai gwaji ya wanke shi. Kuma kai kanka, kana sha?

Lokotoron Ƙirji:
Allah ya gafarta masu. Tambayoyin Manjo su ne aikin, amma bari in shimfiɗa maganar tun daga tushe, don rabin tsoron da ake ji a gidaje daga cuɗa abu biyu yake fitowa.

Kowace sankara daga lalacewar ƙwayoyin gado take farawa, amma ba kowace lalacewa ake gada ba. Akwai sauyin da aka haifi mutum da shi, yana cikin ADN, wato rubutun gado, na jikinsa duka, har maniyyi ko ƙwan mace, shi ne ke iya wucewa ga ɗa. Akwai kuma wanda ya faru daga baya a tantani ɗaya na huhu, saboda hayaƙi ko ƙura ko tsufa, wannan tare da mai shi ake binne shi. Kamar fotokopi ne: in tabon yana kan asalin takardar, duk kofin da aka buga zai fito da shi, in kuwa kofi ɗaya ce shayi ya zube mata, sauran lafiya lau. Mafi yawan sankarar huhu irin ta biyun ce. Ko da ka ga an rubuta sauyin ƙwayoyin gado irin su EGFR ko ALK ko KRAS a takardar mahaifinka, kusan kullum na jikin ƙarin ne, ana duba su ne don zaɓen magani irin su gefitinib da osimertinib, ba shaidar gado ba ne.

Gado yana da nasa kason, ba na musu. Da aka haɗa bincike masu yawa na ƙasashe daban-daban a 2012, an ga wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ciwon, haɗarinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na wanda ba shi da shi a gida, ko bayan an cire tasirin taba. Binciken tagwaye na ƙasashen arewacin Turai a 2016 ya kimanta kason gado a wajen kashi 18 cikin 100. Ajiye wannan kusa da taba, wadda ke ninka haɗarin sau 15 zuwa 30, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗora wa wajen kashi 85 cikin 100 na ciwon.

Sai gidaje ƴan ƙalilan da ƙwayar gado ɗaya mai ƙarfi ke bi. Akwai sauyin EGFR da ake kira T790M, wanda aka fara bayyana shi a matsayin na gado a wani dangi a 2005. Akwai na TP53, ciwon Li-Fraumeni. Irin waɗannan gidaje suna da alama: ciwon na kama waɗanda ba su taɓa shan taba ba, yana zuwa da wuri kafin shekara 50, mutum ɗaya ya yi ƙari fiye da ɗaya, ko a ga sankarar mama, ta ƙashi, ta ƙwaƙwalwa da ta jini a yara da matasan gidan. Dattijo mai shekara 63 bai shiga wannan sahu ba sai da wani dalili. Amsa wa Manjo tukuna.

Ɗan Zango:
Na gode Lokotoro, na gode Baba Manjo. Tsoho an yi masa biyopsi a Yamai, takardun suna wajen yayata. Yana shan kwali ɗaya da rabi tun yana saurayi, wajen shekara 40. Yayansa a ƙauye ya rasu wajen Mirya, bai wuce ƙaramin asibiti ba, ba a gwada komai ba. Gwaggo ba ta taɓa shan taba ba, mace ce mai kamun kai. Ni kuma ina ɗan sha, kara 12 haka a rana tun ina da 17, sai shisha jefi-jefi a fada. Amma ba wannan na tambaya ba. Kakanmu ya sha taba har ya haura 90, haƙoransa ma ba su zube ba. In taba ce me ya sa shi ba ta taɓa shi ba?

Lokotoron Ƙirji:
To ga lissafi. Ana auna shan taba ne da yawan kwali a rana sau yawan shekaru, kwali ɗaya kara 20. Mahaifinka 1.5 sau 40, ya ba da 60. Wannan kaɗai ya isa bayani, ba sai an nemo gado ba. Kai kuma kara 12 kwali 0.6 ne, sau shekara 17, ka haura 10 kana da shekara 34. Wannan ba “ɗan sha” ba ne. Yayan mahaifinka ba a san ciwonsa ba, ba za mu ƙirga shi ba. Daga mutum uku mun dawo ɗaya tabbatacce, ɗaya ba a sani ba, saura gwaggo.

Malamin SVT:
Lokotoro, a bar ni in amsa masa maganar kaka, don ita ce hujjar kowace fada. A binciken Ingila da aka buga a 2000, cikin maza 100 da suka ci gaba da sha, wajen 16 ne sankarar huhu ta kashe kafin su kai 75. Ka ga mafi yawa ba ta kama su ba, kodayake zuciya, shanyewar jiki da toshewar huhu suna kwasar nasu kason. Wanda bai taɓa sha ba kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Kakanka yana cikin waɗanda suka tsallake, shi ke nan, ba ya nufin ya bar maka rigakafi.

Inda gado ke shigowa tsakanin mai sha da mai sha, ga shi. A 2008 ƙungiyoyin bincike uku suka gano wani wuri a kuromozom na 15 mai ɗauke da CHRNA5, CHRNA3 da CHRNB4. Su ne ke gina maƙallan da nikotin ke kamawa a ƙwaƙwalwa. Mai wani nau'in CHRNA5 ba ya jin “ya isa” da wuri, sai ya ƙara kara, ya zuƙa da zurfi, bari kuma ya yi masa wuya. Kofi ɗaya na ƙara haɗari da wajen kashi 30 cikin 100, kofi biyu kusan 80. Akwai CYP2A6 mai sarrafa nikotin a hanta: wanda nasa ke aiki da sauri jininsa na saurin rasa nikotin, sai ya sake kunna wata. Akwai CYP1A1 da ke juya kwaltar hayaƙi ta zama abin da ke manne wa ADN, da GSTM1 da ke taimakawa a fitar da dafin, wanda wasu ake haifa ba su da shi sam, amma tasirin waɗannan biyun ƙarami ne. Akwai kuma TERT a kuromozom na 5. Ka lura, yawancinsu sai da hayaƙi suke samun abin yi.

Abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne, kusan 8 cikin 10 ko fiye na mutanen da aka yi irin waɗannan bincike a kansu ƴan asalin Turai ne. Nau'in CHRNA5 ɗin nan ya yi yawa a Turawa, a Afirka ta Yamma kuwa da ƙyar ake ganinsa. Ga jami'a a garin nan, ga ɗalibai suna fita da digiri, ga dangogi manya masu sanin asalinsu har kaka na biyar, amma lissafin jikinmu sai mun aro na wasu. A aji ma awa nawa aka ware wa darasin gado? Yaro ya gama lise bai san bambancin AS da SS ba.

Hajiyar Labo:
Ƙanena, ka riƙe jikkunanka tukuna. Babu wani gwajin jini, a Yamai ko Kano ko Faransa, da zai rubuta maka “wannan ba zai yi sankarar huhu ba”. In wani ya ce zai yi maka, kuɗinka yake so. Za a iya cewa a yi maka CEA ko CYFRA 21-1, a ce da kai gwajin sankara ne. Waɗannan ana amfani da su ne wajen bin wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon. CEA na hawa a jinin mai shan taba lafiyayye, kuma yana iya fitowa daidai a jinin mai ƙari a huhu. Abin takaici ne yadda ake jera su a ordonans ɗaya da sunan “bilan”, mutum ya biya, ya tafi gida ko da tsoron banza ko da kwanciyar hankalin banza.

Gwajin gado na gaskiya ga yadda yake tafiya. Ana fara zana bishiyar dangi har hawa uku, kowa da ciwonsa da shekarun da ya kamu. In ta nuna alama, wanda ya yi ciwon ake fara gwadawa, ba lafiyayye ba, domin sai an san wane sauyi ne a gidan kafin “babu” ɗinka ta zama magana. Ana ɗibar jini mililita 4 zuwa 5 a kwalba mai murfi shuɗi-ja ta EDTA, a aika labo mai na'urar karanta ADN, a jira makonni. Amsa iri uku ce: an samu sauyi mai cutarwa, ba a samu ba, ko an samu sauyin da ba a san ma'anarsa ba. Ta ukun nan ta fi fitowa ga ƴan Afirka, saboda dalilin da Malam ya faɗa. Ka yi tunanin kai wa surukarka takarda mai cewa “ba a sani ba”.

Abu ɗaya da za ka yi yau ba ko dala: karɓo takardar biyopsin tsoho wajen yayarka, ka duba nau'in ƙarin da lambar da labo ya ba shi. Tsokar da aka ciro ana daskarar da ita cikin kakin farafin, ana ajiye ta shekaru, da lambar ake nemo ta. Sai ka gaya mana gwaggo, ciwonta daga huhu ya fara?

Ɗan Zango:
Hajiya, na tambayi mahaifiyata. Ta ce an taɓa yi wa gwaggo aiki aka cire mata mama ɗaya tana da 39, amma ai wancan ya warke, shekara uku tana lafiya kafin na ƙirjin ya zo. Shi ya sa ban kawo shi ba. Kuma tsoho ya yi shekara 14 yana aiki a ramin yuraniyom a Arlit kafin ya dawo gida, ban ga abin da ya haɗa wannan da maganar ba.

Lokotoron Ƙirji:
Ai ka warware maganar da bakinka. Sankarar mama tana yawan komawa huhu, ƙashi da hanta, kuma shekara biyu zuwa uku bayan aiki lokaci ne da aka saba ganin haka. Ƙarin da ya taso daga mama ya sauka a huhu sunansa sankarar mama har gobe, maganinsa ma nata ne. Haka mai ciwon hanta na B in ta zama sankara ta haura ƙirji, ƴan gida sai su ce huhu ne. Gwaggo ta fita daga lissafi. Tsoho kuma ga taba 60 ga rami. Gidanku ba gidan gadon sankarar huhu ba ne, ka je ka gaya wa surukarka haka, ka kuma jefar da kwalin da ke aljihunka.

Hajiyar Labo:
Lokotoro, da girmamawa, ka yi saurin rufe littafin. Ta fita daga lissafin huhu, ta shiga wani. Sankarar mama a shekara 39 ita kanta dalili ce ta duba gado. A binciken da aka yi a Ibadan aka buga a 2018, cikin mata sama da 1,000 masu sankarar mama, fiye da 1 cikin 10 na ɗauke da sauyin BRCA1 ko BRCA2, ƙwayoyin gadon da lalacewarsu ke kawo sankarar mama mai bin dangi. Namiji na ɗaukarsa ya miƙa wa ƴarsa ba tare da shi ya ji komai ba. Kuma a 2014 an nuna wani nau'in BRCA2 na ninka haɗarin wani jinsin sankarar huhu fiye da sau biyu. Yarinyar da zai aura ƴar ɗan'uwan gwaggon ce, yayarsa ma haka. Su ne abin dubawa kafin shi.

Lokotoron Ƙirji:
Hajiya, mace ɗaya ba ta yin bishiya. Al'ummarmu matasa ne, shi ya sa masu sankarar mama da yawa a nan ƴan 30 da 40 ne, ba don duk gado ba ne. Nau'in BRCA2 na 2014 kuma a Turawa aka gan shi, kuma ba shi ne irin wanda ke kawo sankarar mama mai bin dangi ba. Kada mu ɗauke wa yaro tsoro ɗaya mu ɗora masa biyu. Wa zai biya kuɗin aika jinin, kuma in amsa ta dawo wa zai zauna ya fassara masa?

Hajiyar Labo:
Ban ce a aika jini gobe ba. Na ce a zana bishiyar, a tambayi tsofaffin gidan ko akwai wata mai ciwon mama ko na ƙwan mace, ko yaron da ya rasu da ƙari a ƙashi ko a kai. Matan gidan kuma su riƙa duba mamansu duk wata bayan al'ada, ma'aikaciyar lafiya ta duba su duk shekara. Wannan ba ya cin kuɗi.

Ungozoman Sabon Gari:
Ku bar ni in taɓa maganar auren, tunda ita ta kawo shi. Ƴaƴan wa da ƙane suna tarayya a kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonsu. Auren zumunci yana ƙara haɗari ne musamman ga cututtukan da sai an gaji kofi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, irin emasi, wato sikila. Su TP53 da BRCA kofi ɗaya ya isa, don haka ko bare ka aura ba ka tsere masu ba in kana ɗauke da su. Mu ƙaddara mahaifinka yana da irin wannan, ƙaddarawa kawai. Kai rabi da rabi ne, ɗanka 1 cikin 4 ko wa ka aura. Baffanka rabi, ƴarsa 1 cikin 4, ta ɓangarenta ɗan na da 1 cikin 8. In an haɗa, daga 1 cikin 4 ya koma wajen 1 cikin 3. Ƙari ne, amma ba abin da surukarka ke hangowa ba ne, kuma duk a kan abin da ba a tabbatar akwai shi ba.

Gwajin da ya kamata ku yi ku biyun shi ne na emasi, elektroforez, da na ciwon hanta na B da na sida. In ku duka AS ne, kowane ciki yana da 1 cikin 4 na zuwa SS. A nan ne ake kuka, amma iyaye sai su tsaya kan akwati nawa aka kawo, gwajin da bai kai kuɗin turmin atamfa mai kyau ba a ce sai bayan biki. Sannan ka sani matar mai shan taba a ɗaki haɗarinta na sankarar huhu na ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ban da hayaƙin itacen da za ta sha a madafa. In ni ce uwar yarinyar, a kan wannan zan tsaya, ba a kan jini ba.

Tsohon Ma'aikacin Rami:
Maganar Arlit ba ƙarama ba ce, Ɗan Zango. Dutsen yuraniyom na fitar da iskar radon, ba wari ba launi, tana taruwa inda iska ba ta gudu. In an shaƙe ta, ɓurɓushinta na zama a hanyoyin numfashi yana harbin tantanin wurin. Bayan taba ita ce sanadi na biyu a duniya, kuma in ta haɗu da taba ba tarawa suke yi ba, kusan ninka juna suke. Ciwon na iya fitowa shekara 15 ko 20 bayan mutum ya bar aikin. Ƙurar dutse ma haka, ku gaya wa ƙannenku masu zuwa haƙar zinariya Jado suna fasa dutse a bushe da rawani a hanci. Rawani ba ya tare ƙurar da ke kai wa can ciki, sai an jiƙa dutsen da ruwa, an sa abin rufe hanci na FFP2 ko FFP3 da ya kama fuska sosai.

Mai Ɗaukar Hoto:
Ni dai shawarata ya yi sikana, wato hoton CT, ya huta. Radiyon ƙirji ba ya ganin ƙari ƙarami, an gwada a Amurka an ga bai rage mutuwa ba. Sikana mai ƙaramin haske kuwa, a binciken mutum sama da 53,000 da aka buga a 2011, ta rage mutuwa da kashi 20 cikin 100. Taiwan ma tun 2022 tana yi wa masu tarihin ciwon a gida ko ba sa shan taba. Mutanenmu ba sa zuwa sai ruwa ya cika ƙirji, an ɗauko su a kwance, sannan a ce na'ura ba ta da amfani.

Lokotoron Ƙirji:
A'a. Waccan ribar an same ta ne a ƴan shekara 55 zuwa 74 masu lissafin taba 30 ko fiye. Ƙa'idar Amurka ta 2021 ma daga shekara 50 ta fara, da lissafi 20. Taiwan ɗin da ka kawo, a 2022 maza daga 50 ta fara. Shi 34 ne da 10. A wancan binciken na 2011 kusan hoto 1 cikin 4 ya nuna wani abu, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da aka gani ba sankara ba ne. A ƙasar da tabon tsohon tarin fuka ya cika ƙirazan mutane abin zai fi haka. Tabo ɗaya ya fito, sai a ce a sake bayan wata uku, sai a ce Yamai, kusan kilomita 900, sai allura a ƙirji, ita kuma tana iya sa huhu ya sace. Sikana ta yau da kullum kuma haskenta da ke shiga jiki wajen milisibat 7 ne, mai ƙaramin haske 1.5, radiyo 0.1, in ba a saita na'urar ba babban zai sha. Kuma hoto mai kyau yau ba ya cewa komai game da shekara 20 masu zuwa.

Abin da ke da lamba a hannunsa bari ne. A binciken da Malam ya kawo, wanda ya bari a 50 haɗarinsa ya sauko zuwa 6 cikin 100, a 40 ya zama 3, a 30 wajen 2. Ka sa rana, azumi na tafe, ka riga ka saba yini ba ka sha ba, wurin faɗuwa bayan buɗa-baki ne. Kwana na biyu da na uku sun fi zafi, bayan mako biyu zuwa huɗu jiki na lafawa. In ka samu filastar nikotin a farmasi, mai shan fiye da kara 10 yana farawa da miligiram 21 mako shida, 14 mako biyu, 7 mako biyu, a manna a fata busasshiya, a sauya wuri kullum. Shisha ba mafaka ba ce, ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace shi, ga na gawayi a kai. Kada kuma wani ya sayar maka da ƙwayoyin beta-karotin da sunan wanke huhu, a gwajin Finland na 1994 ƙara wa masu shan taba ciwon suka yi.

Ɗan Zango:
Na ji duka, Allah ya saka. Amma ku fahimce ni, surukata ba ta san 1 cikin 8 ba, takarda mai hatimi take so. Taba kuma ba ta ma san ina sha ba, in na tayar da maganar na ƙara wa kaina wata. Zan rage in sha Allah bayan biki, yanzu kaina ya yi zafi, ita ce ke ɗan kwantar mani da hankali. Sikanar nan ina ganin zan yi, tunda dama ina ɗan tari ya fi wata, na ƙurar hunturu ne, duk ƴan kasuwa muna yi. Na sayi sipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wajen mai tallan magani ya ɗan lafa.

Manjo Mai Ritaya:
Subhanallahi. Tari ya fi wata shi ne ka ajiye sai yanzu? Duk tarin da ya wuce mako biyu gwajin kaki ake yi masa. Ka daina sipro ɗin nan yau, irin wannan magani na danne ƙwayar tarin fuka ta ɓuya wa gwaji, ya kuma koya mata jure magani. Gobe da sassafe ka kurkure baki da ruwa, ka fita fili, ka ja numfashi mai zurfi sau uku, ka yi tari daga can ƙasa, kaki ake so kamar cikin ƙaramin cokali, ba miyau ba. Ka kai cibiyar tarin fuka a sa a GeneXpert, na'urar awa biyu take yi, ka gaya masu ka sha sipro. In ya fito, magani wata shida ne kuma kyauta. Kana zufa da dare? Wandonka ya yi maka yawa? Ka ga jini ko sau ɗaya? Muryarka ta dishe?

Lokotoron Ƙirji:
Yanzu magana ta sauya, kai mai alama ne, ba mai neman takarda ba. Kaki da radiyon ƙirji a makon nan, a Babban Asibitin Damagaram ko inda ya fi kusa da kai. In kaki bai nuna komai ba kuma tarin bai tafi ba, ko radiyo ya nuna inuwa, a nan ne sikana ke da wuri, likita ne zai rubuta ta.

Mai Ɗaukar Hoto:
Ai abin da na faɗa ke nan tun farko aka ce a'a.

Lokotoron Ƙirji:
Ba shi ka faɗa ba. Kai tantance lafiyayye ka ce a yi.

Ɗan Zango:
Ba na zufa, jini ma sau ɗaya ne kuma ina jin daga dasashi ne. In aka gan ni a layin masu tarin fuka kafin magariba labari ya kai gidan baffa, auren ya mutu gaba ɗaya. Jibi zan shiga Kano sayen kaya, in na samu sarari sai in yi can inda ba a san ni ba. Har yanzu dai ba wanda ya ba ni sunan labon da ke gwajin gadon. Wanda ya sani don Allah ya turo mani ta waya.

Hajiyar Labo:
Takardar biyopsin tsoho fa, ka karɓo wajen yayarka?